Ƙarin da Ke Ɓuya a Bututun Huhu

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau a filinmu na kiwon lafiya, a huhu za mu yada zango. A ƙasarmu, da zarar mutum ya yi tari ya ga jini a cikin kaki, abu guda ne ke faɗo wa kowa a rai, wato tarin fuka. Wannan zato yana kan hanya, domin Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu a duniya, kuma likitan da ya fara da neman ta ya yi abin da ya kamata. Gwajin kaki na GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙarshen shekarar 2010, kan ba da amsa cikin kamar awa biyu, kuma gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Duk wanda tari ya kai masa mako biyu, can ya kamata ya fara zuwa.

To amma idan an gwada kaki ba a ga komai ba fa? An sha maganin wata shida, tari bai daina ba? Akwai cututtuka da dama da kan laɓe a bayan irin wannan tari. Ɗaya daga cikinsu za mu ɗauka yau, wani nau'in ciwon dajin huhu da ba a cika samu ba, likitoci na kiransa kasinoyid. A cikin mutum ɗari masu ciwon dajin huhu, ɗaya ne ko biyu ke da shi. Na zaɓe shi ne saboda dalili biyu. Yana da saurin warkewa idan an cire shi da wuri, sannan yana da gwanintar ɓoye kansa daga hoton ƙirjin da muka saba yi.

Bari mu fara da yadda huhun yake. Iskar da muka shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta gangara ƙirji, a nan bututun ya rabu biyu, ɗaya ya yi dama ɗaya hagu. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, saboda zuciya ta ci masa wuri. Kowane bututu sai ya yi ta rassa har su zama siraran da ido ba ya gani. A jikin bangon waɗannan bututu akwai wasu ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan, a warwatse, waɗanda ke da halin jijiya kuma suna iya fitar da sinadaran homon. Daga su ne kasinoyid yake tsirowa. Irin waɗannan ƙwayoyi akwai su a hanji ma, kuma a hanjin ne wani likitan Jamus mai suna Siegfried Oberndorfer ya bayyana wannan ƙari a shekarar 1907. Da farko ya ɗauka ba ya da illa, saboda sanyin girmansa. Daga baya shi da kansa ya gyara maganarsa, da ya tabbata cewa ƙarin kan bazu zuwa wasu sassan jiki. A yau babu jayayya, ciwon daji ne, sai dai mai tafiyar hawainiya.

Abin da ke rikita lissafi shi ne irin mutanen da yake kamawa. Ciwon dajin huhu da aka fi sani na dattijo ne da ya daɗe yana shan taba. Shi kuwa kasinoyid yakan kama mai shekara arba'in, ko talatin, ko matashiyar da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba. Hasali ma, a cikin yara da matasa, yana sahun gaba a jerin ciwon dajin da ke tsirowa daga huhu. Wa zai kawo ciwon daji a ransa idan budurwa 'yar shekara ashirin ta zo da tari? Sai a ce asma ce.

Yawancinsu a cikin manyan bututun suke tsirowa, kusa da tsakiyar ƙirji, kuma duk alamomin daga toshewa suke zuwa. Ƙarin ya rage faɗin bututu, iska na wucewa da ƙyar, sai numfashi ya riƙa yin fito. A lura da wannan: fiton asma ta ɓangare biyu ake jinsa, yana zuwa yana tafiya, kuma abin shaƙa yana kwantar da shi. Fiton toshewa kuwa a gefe ɗaya yake, a wuri ɗaya, abin shaƙa ba ya yi masa komai. Sannan majinar da ke bayan toshewar ba ta samun hanyar fita, sai ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Zazzaɓi ya zo, a ce nimoniya, a sha magani a samu sauƙi. Bayan wata uku ko huɗu ta dawo. Ƙarin kuma cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa tari kan fito da jini jefi-jefi.

Akwai 'yan ƙalilan da ƙarin nasu ke zuba homon a cikin jini. Wani fuskarsa ta riƙa yin zafi tana ja, ga gudawa. Wani kuma fuska ta kumbura ta yi zagaye, hawan jini da ciwon suga su taso masa ba gaira ba dalili. Waɗannan ba su da yawa, ba za mu tsaya a kansu ba.

Yanzu ga batun hoto. Hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a watan Nuwamba na 1895, inuwa yake ɗauka. Haske ya ratsa ƙirji daga baya zuwa gaba, ƙashi ya tare shi ya fito fari, iska ta bar shi ya wuce ta fito baƙa. Duk abin da ke cikin ƙirji, na gaba da na tsakiya da na baya, a kan takarda ɗaya ake tara inuwarsa. Tsakiyar ƙirji kuwa nan ne cunkoso yake: ga zuciya, ga manyan jijiyoyin jini, ga ƙashin baya. Ƙarin da bai wuce girman gyaɗa ba, yana zaune cikin bututu a wannan cunkoso, zai iya ɓacewa ɗungurungum. A ce wa mutum hotonsa lafiya lau, alhali abin yana nan.

Abin da eksire ya fi nunawa shi ne ɓarnar da ƙarin ya yi a bayansa. Wani kashi na huhu ya yi fari saboda nimoniya, ko ya motse saboda iska ta daina shiga. Nan ne nake so masu sauraro su buɗe kunne da kyau. Nimoniya takan kama mutum yau a dama, baɗi a hagu, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma nimoniyar da ke dawowa wuri ɗaya, kashi ɗaya na huhu ɗaya, sau biyu, sau uku, tana nuna cewa akwai abin da ya tare hanya a wurin. A yaro ƙarami yana iya zama gyaɗa ko wani abin da ya shaƙa. A babba yana iya zama ƙari. Ko wanne ne, ƙarin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai buɗe bututun ba.

Ta yaya likita zai san wuri ɗaya take dawowa? Sai in ya ga hoton bara da na bana a jere. Ga kuma halinmu: a yi hoto a wannan asibiti, a samu sauƙi, a jefa hoton a ƙarƙashin katifa ko a bar wa yara su yi wasa da shi. In ciwo ya dawo sai a canza asibiti, sabon likita ya fara daga farko kamar yau aka haifi ciwon. Ni a ganina, tsohon hoto yana cikin kayan gwaji mafi daraja da majiyyaci ke da su, kuma an riga an biya kuɗinsa. A adana shi a ambulan ɗinsa, kada a naɗe shi, kada rana ko laima su taɓa shi, a tafi da shi duk inda za a ga likita. Haka kuma, idan likita ya ce a dawo a sake hoto bayan mako shida da gama maganin nimoniya, ba neman kuɗi yake ba. So yake ya ga ko farin ya washe. In bai washe ba, akwai magana.

Maganar ita ce siti-sikan. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera na'urar, aka fara ɗaukar hoton majiyyaci da ita a Landan a shekarar 1971. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aikin lissafin da na'urar ta dogara a kai. Hasken dai na eksire ne, amma yana zagaya jiki ne, kwamfuta kuma ta tattara abin da aka samu ta fitar da ƙirjin yanka-yanka, kowane yanki siririn gaske, wani bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. Cunkoson nan na tsakiyar ƙirji sai ya warware. A ga bututu daban, jijiya daban, a ga abin da ke zaune a cikin bututun.

Na'urar har awon nauyin kowane ɗigo take yi, da ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield ɗin. Ruwa sifili ne, iska dubu ɗaya ƙasa da sifili, kitse ƙasa da sifili kaɗan, ƙashi kuwa can sama. Wannan awo yana da amfani, domin akwai wani ƙari marar illa da kan fito a huhu wanda sau da yawa akwai kitse a cikinsa, kuma da likitan hoto ya ga lambar kitse hankalinsa ya kwanta.

Kafin a ɗauki hoton akan yi wa mutum allurar wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya. Ruwan yana bin jini, duk inda jini ya yi yawa sai wurin ya ƙara haske. Kun tuna mun ce kasinoyid cike yake da jijiyoyin jini? To a nan asirinsa ke tonuwa. Sai a gan shi dunƙulalle, gefensa sumul, ya sha ruwan ya yi haske sosai, har wani lokaci a ɗauka jijiya ce. Wasunsu kuma akwai ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa mai tauri a cikinsu, kamar ɓurɓushin ƙashi.

Akwai wani hali nasa da sai siti-sikan ke bayyanawa. Kun san dorina a kogi: kunnuwa da hanci kawai ake gani a saman ruwa, sauran gangar jikin na ƙasa. Haka wannan ƙari yake yi sau da yawa. Ɗan abin da ya leƙo cikin bututu kaɗan ne, babban jikinsa ya ratsa bango yana waje, cikin tsokar huhu. Likitan tiyata dole ya san girman abin da ke ɓoye kafin ya sa wuƙa. Hoton kuma zai nuna masa ko kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji ta kumbura, ya nuna halin da huhun da ke bayan toshewar yake ciki, a leƙa hanta ma, tunda tana cikin wuraren da ciwon kan fara bazuwa.

Ba dukkansu ke zama a tsakiya ba. Wasu a gefen huhu suke fitowa, ɗan ƙulli zagayayye da ba ya sa tari ko kaɗan, sai dai a ci karo da shi yayin da ake hoton wani abu daban. A yankinmu irin wannan ƙulli sau da yawa tabon tsohon tarin fuka ne. Likitoci na da wata ƙa'ida, cewa ƙullin da ya shekara biyu bai ƙara girma ba, galibi ba ciwon daji ba ne. Kasinoyid na cikin masu karya wannan ƙa'ida, saboda girmansa a hankali yake. Nan ma tsohon hoto ne ke raba gardama, musamman wanda ya shekara huɗu ko biyar.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin kiwon lafiya, muna magana a kan kasinoyid, wani ciwon dajin huhu da ba a cika samu ba, da yadda hoto ke gano shi.

Akwai wani hoto da sunansa ya yi tashe a bakin masu jinyar ciwon daji, wato fet-sikan. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne alƙali na ƙarshe: in ya haska akwai ciwon daji, in bai haska ba babu. A kan kasinoyid wannan tunani na iya kai mutum ya baro.

Ga yadda yake aiki. Ana yi wa mutum allurar wani irin suga da aka liƙa wa sinadari mai fitar da haske. Ƙwayoyin ciwon daji masu saurin girma mayunwata ne, sai su wawushe sugan, wurin ya haska a hoto. Amma kasinoyid ba mayunwaci ba ne. Cinsa kaɗan ne, don haka sau da yawa haskensa dishi-dishi ne, ko ma babu. Tarin fuka kuwa, da yake jiki na yaƙi da shi, ƙwayoyin garkuwar jiki na cin suga sosai, sai wurin ya haska tar. Kun ga an samu juyin waina ke nan: ciwon daji ya yi shiru, wanda ba daji ba ya yi ta walƙiya. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, wannan ba ƙaramin tarko ba ne.

Mafita ta zo ne daga wani halin ƙarin. A jikin ƙwayoyinsa akwai wasu 'yan maƙalai da ke kama wani homon mai suna somatostatin, wanda aka gano a Amurka a 1973. A ƙarshen shekarun 1980, likitoci a birnin Rotadam na ƙasar Holan, ƙarƙashin Eric Krenning, suka yi dabarar ɗaukar wani magani mai kama da wannan homon, suka liƙa masa sinadari mai haske, suka yi allurarsa. Maganin ya je ya manne a jikin ƙarin, na'ura ta gan shi. Daga baya aka inganta dabarar da sinadarin galiyam 68, ana ɗaukar hoton da na'urar fet-sikan ɗin nan dai, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016. Na'ura ɗaya ce, allurar ce ta bambanta. Da wannan allura kasinoyid mai sanyin girma kan haska ƙwarai, har da 'ya'yan da ya watsa a hanta ko ƙashi.

Matsalar galiyam 68 ita ce ba ya jira. Duk bayan minti 68 rabin ƙarfinsa ya tafi, saboda haka dole a haɗa shi a kusa da inda za a yi hoton. Shi ya sa cibiyoyin da ke yin sa ba su da yawa a Afirka ta Yamma, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Shawarata ga iyalai ita ce, kafin a sayar da gona ko fili a tafi Legas ko Masar ko Indiya don fet-sikan, a tambayi likita: wace allura za a yi, ta suga ko ta galiyam? Kuma sakamakon zai canza maganin da za a yi ko kuwa? Mutane da yawa masu wannan ciwo an gano nasu, an cire, sun warke, ba tare da sun taɓa shiga wannan na'ura ba. Siti-sikan mai kyau, irin wanda ake yi a manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai, shi ne ginshiƙin aikin.

Kuma ko hoton galiyam ɗin ba ya yanke hukunci shi kaɗai, domin kumburin tarin fuka da wasu cututtuka ma kan ɗan kama shi. Duk waɗannan hotuna zargi suke ƙarfafawa. Tabbaci sai an ga tsokar da ido.

Wannan ya kawo mu ga leƙen huhu, abin da likitoci ke kira burankoskofi. Tun 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya zura bututun ƙarfe ya ciro ƙashin da ya maƙale wa wani mutum a bututun huhu. A 1966 Shigeto Ikeda na ƙasar Japan ya kawo siririn bututu mai lanƙwasa, irin wanda ake amfani da shi yau, sai dai na yau yana da fitila da kyamara a bakinsa. Ana fesa maganin kashe zafi a hanci da maƙogwaro, a ba da na sa barci kaɗan, a zura shi. Taswirar da siti-sikan ya bayar ita ke nuna wa likita reshen da zai bi. In ya isa, sai ya tarar da ƙarin ja-ja, sumul, yana sheƙi, ya tsaya a hanya. Ya gutsuri ɗan kaɗan. Da yake abu ne mai saurin zubar jini, ana yin wannan aiki ne a inda aka tanadi kayan tsayar da jini, kuma zubar jini mai yawa ba ta cika faruwa ba. Ƙullin da ke can gefen huhu kuwa, wani lokaci da allura ake cim masa ta tsakanin haƙarƙari, siti-sikan na nuna hanya.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu yanzu. Mun taso muna jin cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta hana mutane da yawa gwaji har lokaci ya ƙure. Abin da ke faruwa shi ne, yawanci ba a zuwa asibiti sai ciwo ya riga ya ci jiki, in aka yi gwaji mutum ya rasu bayan 'yan makonni sai a ɗora wa allura laifi. A kan kasinoyid dai, ƙarfen ne maganinsa.

Tsokar da aka gutsuro tana zuwa wurin likitan binciken tsoka. Zai rina ta da wasu sinadarai da ke tabbatar da asalin ƙwayoyin, sannan ya duba a madubin ƙara girma ya ƙirga ƙwayoyi nawa ne ke cikin rabuwa. In ƙasa da biyu ne a filin da aka ƙayyade, wato murabba'in milimita biyu, kuma babu matacciyar tsoka, wannan shi ne nau'i mai sanyi, shi ne kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. In daga biyu zuwa goma ne, ko an ga matacciyar tsoka, to nau'i ne mai ɗan zafi, wanda ya fi saurin kai wa kaluluwa. Sau da yawa ɗan gutsuren bai isa a raba su ba, sai bayan an ciro ƙarin gaba ɗaya.

Magani tiyata ce. Galibi akan cire kashin huhun da ƙarin yake ciki tare da kaluluwar da ke kusa. In an yi sa'a huhun da ke baya bai lalace ba, likita na iya yanke guntun bututun kawai ya ɗinke bakin biyu, huhu ya tsira. A nau'i mai sanyi, kimanin tara cikin goma na waɗanda aka yi wa aiki suna nan da ransu bayan shekara biyar, adadin da ba a cika samun irinsa a sauran ciwon dajin huhu ba. Illar jinkiri a nan ita ce, ko da ƙarin bai bazu ba, shekarun da huhu ya yi a toshe yana ruɓewa da nimoniya kan lalata shi, har ya zama dole a cire babban kashi, wani lokaci huhu guda sukutum, saboda ƙarin da bai fi ƙwallon dabino ba. Bayan aiki kuma ba a sallamar mutum kwata-kwata. Ciwon kan iya dawowa bayan shekaru masu yawa, don haka bibiya da hoto takan kai shekara goma ko fiye.

Saura tambayar da ake yawan yi: hasken na'urar ba ya cutarwa? Siti-sikan na ƙirji ya fi eksire haske sau da dama. Ya yi daidai da abin da jikin mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a cikin kamar shekara biyu na zaman duniya. Ba abin da za a yi don marmari ba ne, amma ga mai nimoniyar da ke dawowa wuri ɗaya, amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa da nisa. Mace mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a fara. Mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin suga, da wanda allurar ruwan hoto ta taɓa yi wa illa, su ma su faɗa, domin akan duba lafiyar ƙoda kafin a yi allurar. Lokacin da ruwan ya shiga za a ji ɗumi ya ratsa jiki, wani har ya ji kamar fitsari ya kufce masa. Ba komai ba ne, yana wucewa cikin minti ɗaya ko biyu. Za a ce a riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, shi ke nan an gama.

In an fito, kada a karɓi takardar sakamako kawai. A nemi hotunan a faifai, domin likitan tiyata zai so ya bi yankan ɗaya bayan ɗaya da idonsa, kuma hoton da aka ɗauka da waya daga jikin allo ba ya wadatar da shi.

Lokaci ya cim mana.  

(Kiɗan rufe shiri)